In Na'ura Ce Ke Karanta Takardar Neman Aiki

Ranar Asabar, 15 ga watan Maris na shekarar 2014, tun gari bai gama wayewa ba, dubban samari da 'yan mata suka yi cincirindo a ƙofofin babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja, kowa riƙe da takardunsa, domin rubuta jarrabawar shiga aikin Hukumar Shige da Fice. Haka abin yake a wannan safiya a Fatakwal da Minna da Benin da sauran manyan biranen jihohi. Guraben da ake da su ba su kai 5,000 ba, amma waɗanda suka biya Naira dubu ɗai-ɗai suka cika fom sun haura rabin miliyan, kuma aka kira su baki ɗaya a rana guda. Kafin rana ta faɗi an tattake mutane cikin turmutsitsi, aƙalla 16 suka riga mu gidan gaskiya, wasu da dama suka jikkata.

Abin takaicin shi ne ta intanet aka cika fom ɗin. Watau bayanin kowane mai nema, da shekarunsa da jiharsa da irin takardar shaidar karatunsa, yana nan ajiye cikin kwamfuta, sai dai ba a sa ta rairaye jama'ar ba kafin a tara su a fili. Duk wanda zai yi magana a kan shigar na'ura cikin sha'anin ɗaukar ma'aikata a Nijeriya, ya kamata ya fara tuna wannan rana, domin ita ce ta nuna ƙarshen abin da tsohon tsari zai iya ɗauka.

Yawan masu nema kuwa bai ragu ba. A shekarar 2016, da aka buɗe ɗaukar 'yan sanda 10,000, mutum sama da 900,000 suka nema. A wannan shekara dai shugaban Hukumar Tara Haraji ta Tarayya na lokacin, Mista Babatunde Fowler, ya ce mutum fiye da 700,000 suka nemi gurabe 500 a hukumarsa. A shekarar 2020 kuma sama da mutum miliyan biyar suka yi rajistar rukuni na uku na shirin N-Power. Mai karatu ya ɗan yi lissafi da kansa. In aka ba akawu guda takardu 700,000, aka ce ya duba kowace cikin minti biyu kacal, ba hutun salla ba na cin abinci, yana aikin awa takwas kowace ranar aiki, to sai ya shafe shekara goma sha ɗaya bai ga ƙasan buhun ba. Ko akawu hamsin aka sa, sai sun yi kusan wata uku. Sanin kowa ne cewa ba haka ake yi ba. Abin da akan yi shi ne a duba na sama, a duba waɗanda aka zo da su da hannu tare da ɗan kati daga wani babba, sauran kuwa su ƙare wajen masu tsire da masu ƙosai.

Wannan wahala ce kamfanonin fasaha suka gani suka mayar da ita haja. Tun kafin a fara zancen ƙirƙirarriyar basira, watau fasahar da ke sa kwamfuta ta koyi aiki daga misalai maimakon a tsara mata kowane taki, manyan kamfanonin Amurka da Turai sun daɗe da amfani da manhajar da ke karɓar takardun neman aiki ta jera su. Abin da ya sake a 'yan shekarun nan shi ne yawan aikin da aka sakar wa na'urar. Yanzu ita ke tsara sanarwar gurbi, ta zaɓi waɗanda za a nuna wa ita a shafukan sada zumunta. In takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da CV, ta shigo, ita ke warware ta, ta ciro suna da makaranta da shekarun aiki da ƙwarewa ta zuba kowanne a gurbinsa, sa'an nan ta gwada da abin da ake bukata ta ba da maki. Ita ke amsa tambayoyin masu nema ko da tsakar dare ne, ta duba kalandar manaja ta tsayar da ranar ganawa, ta aika da tuni, ta kuma aika da wasiƙar ba da haƙuri ga waɗanda ba su dace ba.

Galibin waɗannan ayyuka ba su da wata illa, kuma duk wanda ya taɓa zama a sashen kula da ma'aikata ya san yadda suke cinye rana. A kira mai nema sau huɗu layi bai shiga ba, a sa masa Talata ya ce yana kan hanya daga Maiduguri, a mayar Alhamis manaja ya ce yana da taro. Na'ura ba ta gajiya da wannan. Hasali ma akwai wani mutunci da ta dawo da shi wanda ofisoshi suka daɗe da yarwa, watau a gaya wa mutum cewa takardarsa ta iso, kuma in ba a ɗauke shi ba a gaya masa, ya daina zaman jiran gawon shanu.

Misalin da 'yan kasuwar wannan fasaha suka fi kafa hujja da shi shi ne na kamfanin Unilever, mai yin sabulun Omo da jama'armu suka daɗe da sani. Kamfanin ya ce yakan karɓi takardun neman aiki kimanin miliyan 1.8 a shekara, ya ɗauki wajen mutum 30,000. Daga shekarar 2016 ya sake fasalin ɗaukar sababbin waɗanda suka gama jami'a. Mai nema yakan fara da wasu wasannin gwada tunani a wayarsa, na kamfanin Pymetrics, in ya tsallake sai ya amsa tambayoyi a gaban kyamara ta manhajar HireVue, na'ura ta auna amsoshin, sai waɗanda suka rage ne ke zama ido da ido da manajoji. A shekarar 2019 kamfanin ya ce wannan tsari ya rage masa awa 100,000 na aikin ma'aikata cikin shekara guda, ya kuma ce abin da a da kan ci wata huɗu ya koma mako huɗu. Alkaluman daga bakin kamfanin suka fito, kuma mai kaya ba ya kushe kayansa, amma ko an rage musu rabi, riba ce da babu manajan da zai kau da kai daga gare ta.

To, amma tsayar da ranar ganawa daban, yanke hukuncin wanda za a gana da shi daban. Na farko aikin masinja ne, na biyu aikin alƙali. Masu sayar da manhaja sukan haɗa su cikin ƙunshi guda su kira su duka ayyukan maimaici, alhali kuwa a na biyun ne abincin mutane yake.

Tarihi ya riga ya ba da darasi a kan wannan tun kwamfuta tana sabon abu. A Makarantar Koyon Aikin Likita ta Asibitin St George's da ke Landan, wani malami ya rubuta manhaja a ƙarshen shekarun 1970 domin ta rage wa 'yan uwansa wahalar tace ɗalibai kimanin 2,000 da ke neman shiga kowace shekara. Ya bi diddigin yadda malaman suka saba ba da maki, ya yi ta gyara manhajar har sakamakonta ya yi daidai da nasu fiye da kashi 90 cikin ɗari. Daga shekarar 1982 aka sakar mata tacewar farko baki ɗaya. Sai a ƙarshen 1986 wasu malamai biyu suka leƙa cikinta, suka tarar tana rage wa mata maki, tana kuma rage maki mai yawa ga duk wanda sunansa ko mahaifarsa ta nuna ba Bature ba ne. Hukumar Daidaito Tsakanin Jinsuna ta Birtaniya ta bincika, a shekarar 1988 ta same makarantar da laifin nuna bambanci, inda aka ƙiyasta cewa kusan ɗalibai 60 a kowace shekara aka hana su damar ganawa saboda haka. Ba manhajar ce ta ƙago son zuciyar ba, a wajen malaman ta gada. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Shekara talatin bayan haka kamfanin Amazon, duk da tarin injiniyoyinsa, ya faɗa rami iri guda. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito a watan Oktoba na 2018 cewa tun 2014 wata ƙungiyar injiniyoyin kamfanin ke gina manhajar da za ta ba masu neman aiki taurari ɗaya zuwa biyar, kamar yadda masu saye ke ba kaya. An koyar da ita da takardun da kamfanin ya karɓa cikin shekara goma, waɗanda yawancinsu na maza ne, domin maza suka mamaye aikin kwamfuta. Sai na'urar ta fahimci cewa namiji shi ne ma'aikacin kirki. Ta riƙa rage maki ga takardar da ta ƙunshi kalmar "mata", alal misali wadda ta ce ta shugabanci ƙungiyar wasan dara ta mata, ta kuma rage darajar waɗanda suka fito daga wasu kwalejoji biyu na mata zalla. Injiniyoyin suka goge wannan, amma suka kasa tabbatar da cewa ba za ta samo wata ɓarauniyar hanya ba, daga bisani aka watsar da aikin. Amazon ya ce ma'aikatansa ba su taɓa yanke hukunci a kan kowa da wannan manhaja ba.

Batun ɓarauniyar hanyar nan shi ne gishirin maganar. Ko an ɓoye wa na'ura jinsin mutum da ƙabilarsa da addininsa, takardarsa cike take da alamu. Sunan makarantar firamare, unguwar da yake zaune, ƙungiyar ɗalibai da ya shiga, jihar da ya yi hidimar ƙasa, har irin Turancin da yake rubutawa, duka suna tona asali. A ƙasa irin tamu, inda sunan mutum kaɗai kan faɗi yankinsa da addininsa, inda kuma Bahaushe kan ɗauki sunan garinsu ya mayar da shi sunan mahaifi, kamar yadda aka san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari, ba sai na'ura ta wahala ba. In aka koyar da ita da fayilolin wani banki na shekara ashirin, wanda yawancin ma'aikatansa daga jami'o'i biyar ko shida suka fito, to za ta ɗauka cewa a can kaɗai ake samun hazaƙa, ta yi ta tura na Sakkwato da na Yola da na Abakaliki ƙasan jeri, ba tare da wani ya umarce ta ba, ba kuma tare da wani ya lura ba.

Sababbin manhajojin da ke rubutu da hira kamar mutum, waɗanda suka bazu tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, su ma ba su tsira ba. Masu bincike a Jami'ar Washington sun gwada uku daga cikin irinsu a shekarar 2024, inda suka riƙa sauya suna kawai a kan takardun neman aiki. Manhajojin sun fifita sunayen da aka san Turawa da su a kashi 85 cikin ɗari na gwaje-gwajen, sunayen mata kuwa a kashi 11 kacal suka yi gaba.

Sai dai ba kullum laifin yake ga abin da na'ura ta koya ba. Sau da yawa umarnin da aka ba ta ne, ita kuwa ba ta san sassauci ba. Makarantar Nazarin Kasuwanci ta Harvard, tare da kamfanin Accenture, ta fitar da wani rahoto a watan Satumba na 2021 bayan ta ji ta bakin shugabannin kamfanoni a Amurka da Birtaniya da Jamus. Kashi 88 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya sun amsa da bakinsu cewa tsarin tacewarsu yana zubar da ƙwararrun da suka cancanta, don kawai takardunsu ba su zo daidai da kalmomin sanarwa ba. Kusan rabin kamfanonin sukan sa manhaja ta cire duk wanda ya yi fiye da wata shida ba ya aiki. Ba ta tambayar dalili. Matar da ta tsaya haihuwa da raino, da ɗan da ya ajiye aiki ya yi jinyar mahaifinsa, da wanda masana'antarsu ta rufe, duka rariya ɗaya ke zubar da su. Rahoton ya ƙiyasta cewa a Amurka kaɗai akwai mutum fiye da miliyan 27 da ya kira ɓoyayyun ma'aikata, masu son aiki da iya aiki waɗanda tsarin ba ya ganinsu, a daidai lokacin da kamfanonin ke kukan ƙarancin ma'aikata.

Wani kamfanin koyar da Turanci ta intanet mai suna iTutorGroup ya tsara manhajarsa ta riƙa korar mata masu shekara 55 zuwa sama da maza masu shekara 60 zuwa sama. Asirin ya tonu ne sa'ad da wata mai nema da aka ƙi ta sake tura takarda iri ɗaya, ranar haihuwa kawai ta sauya, sai ga gayyatar ganawa. Hukumar Daidaita Damar Samun Aiki ta Amurka ta kai ƙara a 2022, a shekarar 2023 kamfanin ya amince ya biya dala 365,000 ga mutum fiye da 200.

A Amurka wannan laifi ne. A nan gida kuwa a fili ake buga shi cikin jarida: kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27, kuma ya kasance yana da digiri mai daraja ta biyu a sama. A zamanin akawu, akan sami mai tausayi da zai ga yaro ya haura da wata uku, ya ga sakamakonsa mai kyau, ya tura fayil ɗin gaba. Na'ura ba ta da wannan. Ɗalibin jami'ar gwamnati da yajin aikin ƙungiyar ASUU ya zaunar da shi wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, wanda watakila ya yi shekara biyu yana zaman jarrabawar JAMB kafin ya sami gurbi, sa'an nan ya yi shekarar hidimar ƙasa, zai iya tsallake ƙa'idar shekarun ba da laifinsa ba, alhali takwaransa na jami'ar kuɗi ya gama da wuri. Haka nan mai babbar difloma ta HND, in an rubuta wa manhaja digiri kawai, ba wanda zai taɓa ganin takardarsa balle ya san gwanintarsa.

Akwai kuma wata matsala tamu ta gida da mai rubuta manhaja a Kalifoniya bai taɓa mafarkinta ba, watau rubutun suna. Mutum guda ne, amma a takardar firamare Muhammadu, a ta WAEC Mohammed, a rajistar katin ɗan ƙasa Muhammad. A wata takardar sunan mahaifi ke gaba, a wata na kaka. Akawun da ya tashi a Zariya ya san mutum ɗaya ne. Manhajar da aka ce ta gwada fom da lambar NIN kuwa, harafi ɗaya in ya saɓa sai ta rufe ƙofa. A ƙara da cewa da yawa daga masu nema ba su suke cika fom da hannunsu ba, a shagon intanet ake cika musu, yaron shago yana sauri ga layi a bayansa.

Ganawa ta kyamara ita ma da nata. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajojin mayar da magana rubutu na kamfanoni biyar, Amazon da Apple da Google da IBM da Microsoft, suka wallafa a 2020 cewa kuskurensu a kan maganar baƙaƙen fatar Amurka ya kai kashi 35 cikin ɗari na kalmomi, na Turawa kuwa kashi 19. In haka ta faru ga wanda aka haifa a Amurka, mai karatu ya ƙiyasta yadda za ta kasance ga Turancin ɗan Gusau ko na ɗan Ogoja, ga layin intanet mai yankewa, ga ƙarar janareto a bayan gida. Shi kansa kamfanin HireVue ya ba da sanarwa a watan Janairu na 2021 cewa ya daina auna motsin fuskar masu nema, bayan sukar da masana suka yi cewa babu hujjar kimiyya da ta nuna ana gane ma'aikacin kirki ta yadda yake ɗaga gira.

Duk da haka, zalunci ne a yi magana kamar kafin zuwan na'ura adalci ake shimfiɗawa. Wasu masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun aika da dubban takardun neman aiki na gwaji ga kamfanonin Boston da Shikago, suka wallafa a 2004 cewa sunan Bature yakan sami kira fiye da sunan baƙar fata da kashi 50 cikin ɗari, alhali takardun iri ɗaya ne. Mutane ne suka yi wannan, ba kwamfuta ba. Mu kuma nan mun san namu ciwon, watau wa ka sani, wa ya san ka. A shekarar 2023 wani kwamitin wucin gadi na Majalisar Wakilai ya saurari shaidu a bainar jama'a a kan yadda ake sayar da guraben aikin gwamnatin tarayya da miliyoyin Naira, da yadda hukumomi ke neman izinin ɗaukar ma'aikata ba tare da sun buga sanarwa ba. Na'ura ba ta karɓar goro, ba ta da ɗan uwa, kuma duk hukuncin da ta yanke yana barin sawu da za a iya bi, abin da ba a samu a zuciyar darakta. Hasali ma da ba a rubuta son zuciyar malaman St George's cikin manhaja ba, da wuya a kama shi. Ga ɗan talakan da ba shi da kowa a Abuja, rariyar da ba ta san fuska ba tana iya zama gata. Amma fa sai gurbin ya bi ta cikin rariyar. Wanda aka raba a ɗakin otal, babu manhajar da za ta gan shi.

Su ma masu neman aikin ba su zauna ba. Da manhaja suke rubuta takardunsu yanzu, su kwafi kalmomin sanarwa su cusa, wasu har su ɓoye su da farin rubutu yadda na'ura za ta gani ido ba zai gani ba. Akwai ma manhajojin da ke tura takarda ga ɗaruruwan kamfanoni mutum yana barci. Jaridar New York Times ta ruwaito a tsakiyar 2025 cewa a shafin LinkedIn kaɗai ana tura takardun neman aiki kimanin 11,000 a kowane minti, ƙarin sama da kashi 45 cikin ɗari a shekara guda. Abin ya zama na'ura ta rubuta, na'ura ta karanta, takardu duk sun yi kama da juna, kamfanin da ya sayi manhaja don ya rage tulin takardu ya wayi gari tulin ya ninka. An gudu ba a tsira ba.

Ga kuma amanar bayanai. Mai neman aiki yakan miƙa duk abin da aka tambaye shi, domin ba ya cikin halin musu. A tsakiyar shekarar 2025 wasu masu binciken tsaron kwamfuta biyu, Ian Carroll da Sam Curry, suka gwada shafin ɗaukar ma'aikata na gidajen abincin McDonald's, inda wata manhajar hira mai suna Olivia ta kamfanin Paradox ke karɓar masu nema. Suka tarar da wani tsohon asusun gwaji da mabuɗin sirrinsa 123456 ne, wanda ta cikinsa za a iya kaiwa ga bayanai har miliyan 64. Kamfanin ya toshe ƙofar da aka sanar da shi, ya ce ban da masu binciken ba wanda ya shiga. A ƙasar da 'yan damfara ke buɗe shafukan ɗaukar aiki na bogi da sunan kwastan da soja da kamfanin mai, jerin sunaye da lambobin wayar mutanen da ke neman aiki ido rufe ba ƙaramar dukiya ba ce a hannun mugu.

Hukumomi sun fara farkawa, kowa da irin nasa taku. Jihar Ilinoi ta Amurka, tun 1 ga Janairu na 2020, ta wajabta a sanar da mai nema in na'ura za ta auna bidiyon ganawarsa, a nemi yardarsa, a kuma goge bidiyon cikin kwana 30 in ya bukata. Birnin New York ya fara aiki da dokarsa mai lamba 144 a ranar 5 ga Yuli na 2023, wadda ta ce sai wani mai bincike mai zaman kansa ya auna manhajar kowace shekara ya ga ko tana nuna bambanci, a buga sakamakon, a kuma sanar da masu nema kwanakin aiki goma kafin a yi amfani da ita. Tarar ba ta taka kara ta karya ba, dala 500 zuwa 1,500. Tarayyar Turai kuwa, a dokarta ta ƙirƙirarriyar basira da ta fara aiki ranar 1 ga Agusta na 2024, ta sa manhajojin ɗaukar ma'aikata cikin rukunin masu babban haɗari, daga Fabrairun 2025 kuma ta haramta amfani da na'ura wajen karanta yanayin zuciyar mutum a wurin aiki.

Nijeriya ma ba a bar ta hannu sake ba, ko da yake kaɗan daga masu neman aiki suka san haka. Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023, a sashe na 37, ta ba kowane mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai tasiri a rayuwarsa bisa aikin na'ura zalla. Akwai togaciya, alal misali in mutum ya ba da yardarsa, ko in ana bukatar hakan domin ƙulla yarjejeniya, kuma ta nan ne lauyoyin kamfanoni za su so su bi. To amma ko a nan ɗin dokar ta ce mutum yana da damar ya nemi ɗan Adam ya sake duba lamarinsa, ya faɗi ta bakinsa, ya kuma ƙalubalanci hukuncin. Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa tana da ikon cin manyan masu riƙe bayanai tarar Naira miliyan goma ko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga ma'aikatun gwamnati kuma akwai ƙarin nauyi, domin sashe na 14(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta raba daidai tsakanin sassan ƙasa, abin da manhajar da aka sayo daga waje ba ta sani ba sai an gina mata shi.

Tambayar da ta rage a gaban alƙalai ita ce, in na'ura ta zalunci mutum, wa za a kama: kamfanin da ya saya ko wanda ya ƙera? A watan Fabrairu na 2023 wani Ba'amurke baƙar fata, wanda ya haura shekara arba'in, ya kai ƙarar kamfanin Workday a kotun tarayya da ke Kalifoniya, yana cewa ya nemi aiki fiye da ɗari a kamfanoni dabam-dabam da ke amfani da manhajar Workday, ba inda aka ɗauke shi. Kamfanin ya musanta, ya ce shi kayan aiki kawai yake sayarwa, masu saye ke yanke hukunci. A watan Yuli na 2024 Mai Shari'a Rita Lin ta ƙi korar ƙarar, inda ta ce ana iya ɗaukar mai manhaja a matsayin wakilin mai ɗaukar aiki in an danƙa masa aikin tacewa, a watan Mayu na 2025 kuma ta ba da izinin farko ga sauran masu shekara arba'in zuwa sama su shiga ƙarar. Kamfanin da kansa ya shaida wa kotu cewa takardun da aka ƙi ta cikin manhajarsa a tsawon lokacin da ake magana sun kai biliyan 1.1. Cikin hujjojin da mai ƙarar ya gabatar akwai wata takarda da ya tura da ƙarfe 12:55 na dare, amsar ba da haƙuri ta iso masa da ƙarfe 1:50, awa guda ba ta cika ba.